Man Furen Maraice da Abincin Mutanen Karkara: Bayani ga Al'ummar Yalwan Damai da Kewaye

Gabatarwa

A cikin 'yan shekarun nan tallan kayan ƙarin gina jiki ya yawaita a shagunan sayar da magani da kuma kafofin sada zumunta irin su Facebook da WhatsApp, har ya kai ga duk mai riƙe da wayar salula, ko a birni yake ko a ƙauye, yana iya cin karo da shi. Ɗaya daga cikin waɗannan kaya shi ne wani mai da ake ɗurawa a cikin kafso mai ruwan zinare, wanda akan rubuta wa Evening Primrose Oil a jikin kwalbarsa. A wannan shafi za mu riƙa kiransa man furen maraice, domin daga irin wani tsiro ake tatsarsa wanda furensa ke buɗewa da yamma.

Masu tallansa kan ce yana da amfani musamman ga mutanen da ba su cin nama da kifi, wato waɗanda abincinsu ya dogara ga hatsi da ganye da sauran tsirrai. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, ganin cewa haka abincin akasarin gidajenmu na karkara yake. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo bayani a kan asalin wannan mai, da abin da ke cikinsa, da abin da binciken likitoci ya nuna game da shi, tare da kwatanta shi da irin man da muke samu daga gonakinmu. Manufarmu ita ce magidanci da uwargida su san inda ya fi dacewa su sa kuɗinsu, jami'an lafiya da shugabannin al'umma kuma su sami abin da za su dogara da shi idan an tambaye su.

Yalwan Damai da Abincin Mutanenta

Yalwan Damai mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, wadda ke maƙwabtaka da Ƙaramar Hukumar Gwaram a kudancin Jihar Jigawa, dukkansu a ƙarƙashin Masarautar Dutse. Wannan yanki ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma noma da kiwo su ne manyan sana'o'in jama'arsa. Ana noma dawa da gero da masara da shinkafa, ga kuma wake da gyaɗa da riɗi.

Abincin yau da kullum shi ne tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ko taushe, da fura, da kunu, da koko, da ɗanwake, da dambu, da kwaɗon rama ko zogale. Duk da cewa akwai awaki da tumaki da kaji a gidaje da dama, akasari ana ajiye su ne a matsayin dukiyar da za a sayar idan wata buƙata ta taso, shi ya sa nama bai cika shiga tukunya ba sai ranar kasuwa ko lokacin salla da suna da biki. A ƙasashen Turai da Indiya akwai mutanen da ke ƙaurace wa nama bisa zaɓinsu ko saboda addininsu. A wurinmu tsadar nama ce ke kawo hakan, wani lokaci kuma umarnin likita ga masu hawan jini da makamantansu. Ko da yake dalilan sun bambanta, tambayar ɗaya ce: mene ne jiki ke rasawa idan abinci ya zama kusan na tsirrai zalla, kuma shin man furen maraice na cike wannan giɓi?

Asalin Tsiron da Mansa

Sunan wannan tsiro a kimiyyance shi ne Oenothera biennis. Asalinsa daga Arewacin Amurka ne, inda mutanen ƙasar na asali suka daɗe suna cin saiwarsa suna kuma magani da ganyensa. An kai shi Turai a ƙarni na 17. Shekara biyu yake yi kafin ya kammala rayuwarsa: a shekarar farko ya fitar da ganye da saiwa, a ta biyu ya yi fure rawaya ya ba da iri. Irin nasa ƙanana ne ƙwarai, ba su kai ƙwayar riɗi girma ba. Tsiro ne na ƙasashe masu sanyi, kuma ƙasar Sin ce ta fi kowa noma shi domin kasuwanci. Ba ya cikin amfanin gonar da muke nomawa, don haka duk kwalbar da aka gani a kasuwanninmu ko dai daga waje aka shigo da ita, ko kuma man da ke cikinta daga waje ya zo.

Idan aka tatsi man aka auna, akan tarar fiye da kashi 70 cikin 100 nasa wani sinadarin maiƙo ne da ake kira linoliyik. Kimanin kashi 8 zuwa 10 cikin 100 kuma wani sinadarin ne da ake taƙaita sunansa da GLA, wanda wasu masana a Jamus suka fara ganowa a cikin wannan mai a shekarar 1919. Dukkan su biyun suna cikin rukunin maiƙon da ake kira omega-6. Wannan GLA shi ne abin da masu talla ke tinƙaho da shi, domin ba a cika samunsa a man girki ba. Cinikin man ya bunƙasa ne daga ƙarshen shekarun 1970, lokacin da wani likita ɗan Ingila, David Horrobin, ya kafa kamfanin Efamol a 1977 ya kuma duƙufa wajen yayata cewa GLA na maganin cututtuka da dama.

Aikin Maiƙo a Jikin Ɗan Adam

Kafin mu auna wannan iƙirari ya kamata mu san abin da maiƙo ke yi a jiki. Da farko dai yana ba da kuzari: giram ɗaya na mai na ba da kalori 9, alhali giram ɗaya na sinadarin da ke cikin hatsi kalori 4 yake bayarwa. Na biyu, bitamin A da D da E da K ba sa shiga jini sosai sai tare da maiƙo, shi ya sa miyar ganye da aka sa wa ɗan mai ta fi wadda aka dafa gayanta amfani. Na uku, da maiƙo ake gina fatar ƙwayoyin halittar jiki da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Jiki na iya haɗa mafi yawan maiƙon da yake buƙata da kansa, in ban da guda biyu da dole sai daga abinci. Wasu masana biyu, mata da miji, George Burr da Mildred Burr, su ne suka fara nuna haka a Jami'ar Minnesota ta Amurka a shekarun 1929 da 1930. Na farko shi ne linoliyik, na rukunin omega-6. Na biyu shi ne wanda ake taƙaitawa da ALA, na rukunin omega-3. GLA ba ya cikin waɗannan biyun, saboda jikin mai lafiya yana sarrafa linoliyik ya mayar da shi GLA gwargwadon buƙatarsa. Ke nan duk wanda ke samun isasshen linoliyik a abincinsa, jikinsa na da abin da zai haɗa GLA da shi.

A rahoton taron masana da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 2010, an ba da shawarar cewa kashi 20 zuwa 35 cikin 100 na kuzarin da babba ke samu a rana ya fito daga maiƙo. Ma'aunin da ake aiki da shi a Amurka kuwa ya nuna cewa namiji mai matsakaicin shekaru giram 17 na linoliyik ya ishe shi a rana, mace giram 12. Na ALA kuma giram 1.6 ga namiji, giram 1.1 ga mace.

Kwatanci da Man da Muke da Shi

Jihar Jigawa na cikin jihohin da ke kan gaba wajen noman riɗi a Nijeriya, kuma kasuwar Maigatari ta yi suna wajen cinikinsa. Kusan rabin nauyin ƙwayar riɗi mai ne, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na wannan mai linoliyik ne. Gyaɗa ma kusan rabinta mai ne, wanda kimanin kashi 30 cikin 100 nasa linoliyik ne. Agushi na da mai sosai, kuma fiye da rabin mansa linoliyik ne. Waken soya bai kai su yawan mai ba, domin bai cika wuce kashi 20 cikin 100 ba, amma fiye da rabin mansa linoliyik ne, ga kuma kimanin kashi 7 cikin 100 na ALA, abin da riɗi da gyaɗa ba su da shi sai ɗan kaɗan. Hatta gero da dawa da masara suna ɗauke da ɗan maiƙo a ƙwayarsu wanda kaso mai yawa nasa linoliyik ne.

Ga lissafi mai sauƙi. Kafson man furen maraice da aka fi sayarwa na ɗauke da miligiram 500 na mai, wato rabin giram. A ciki akwai kimanin miligiram 360 na linoliyik da miligiram 45 na GLA. Babban cokali ɗaya na man riɗi kuwa ya kai giram 14, a cikinsa akwai fiye da giram 5 na linoliyik. Wannan na nufin sai mutum ya haɗiyi kafso 15 ko fiye kafin ya sami abin da ke cikin cokali ɗaya na man riɗi. Uwargidan da ke yin miyar riɗi ko miyar gyaɗa, ko kwaɗo da ƙuliƙuli, ko kunun gyaɗa, ko kantu, ta riga ta ba iyalinta omega-6 fiye da abin da kwalbar kafso za ta ba su.

Daga nan za mu gane cewa maganar da ake yi wai rashin cin nama na jawo ƙarancin irin maiƙon da ke cikin man furen maraice ba ta da tushe. Wannan rukuni na maiƙo a cikin tsirrai ya fi yawa. Gidan da ke fama da ƙarancinsa shi ne gidan da mai gaba ɗaya ya yi wa ƙaranci a tukunya, kamar yadda kan faru da damina kafin amfanin gona ya nuna, kuma maganin wannan shi ne ƙarin mudun gyaɗa ko riɗi.

Abin da Binciken Likitoci Ya Nuna

An fi tallata man furen maraice a kan ƙaiƙayin fata, da ciwon nono da ciwon mara da wasu mata ke ji gabanin al'ada, da zafin jikin da ke zuwa lokacin daina al'ada, da ciwon gaɓoɓi. Likitoci na gwada irin wannan iƙirari ne ta hanyar raba marasa lafiya gida biyu: a ba wa ɓangare ɗaya man, ɗaya ɓangaren kuma a ba su kafson da ya yi kama da shi amma babu maganin a ciki, ba tare da kowa ya san wanda aka ba shi ba. Idan ɓangarorin biyu suka sami sauƙi daidai wa daida, an san ba man ne ya yi aikin ba.

A Birtaniya an taɓa ba wa magunguna biyu na wannan mai lasisi: Epogam domin cutar fata da ake kira ezima, da Efamast domin ciwon nono. A shekarar 2002 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta janye lasisin dukkansu, saboda babu isasshiyar hujjar da ke nuna suna aiki. A 2013 kuma ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara sakamakon gwaje-gwajen likitanci tana tace su, ta nazarci gwaji 27 da suka ƙunshi mutum 1,596, waɗanda 19 daga ciki a kan man furen maraice ne, sauran 8 a kan man wani tsiro mai irin sinadarinsa. Sakamakon ya nuna cewa shan waɗannan mai bai fi kafson wofi ba wajen rage ezima. Yana da kyau a lura cewa ezimar da likitoci ke nufi a nan ita ce cutar da ke sa fata bushewa da ƙaiƙayi da tsagewa. Ƙyasbi, wanda wasu kan kira da wannan suna, wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi a saman fata kuma yana da nasa magani na shafawa.

Dangane da zafin jiki na lokacin daina al'ada, wani gwaji da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 1994 bai ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin matan da suka sha man da waɗanda suka sha kafson wofi ba. Cibiyar gwamnatin Amurka mai nazarin magungunan gargajiya da na ƙari, wato NCCIH, ita ma ta bayyana cewa babu isasshiyar hujjar da za a ce wannan mai na maganin wata cuta. Babu kuma hujjar da ke nuna yana sa mace ta sami ciki. Ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri sun fi samun mafita idan suka je asibiti tare aka duba su biyun, domin matsalar kan iya kasancewa daga kowane ɓangare.

Waɗanda Ya Kamata Su Yi Hattara

Ga babba mai lafiya, shan wannan mai na ɗan lokaci bai cika yin illa ba, ko da yake wasu kan ji tashin zuciya ko ciwon ciki ko gudawa ko ciwon kai. Sai dai akwai rukunin mutanen da bai kamata su sha shi ba sai da izinin likita:

1. Mata masu juna biyu. Wasu kan sha shi ko su cusa shi da nufin buɗe bakin mahaifa don naƙuda ta zo da wuri. Ba a tabbatar da cewa yin haka ba shi da haɗari ga uwa da jariri ba. Duk abin da ya shafi gaggauta naƙuda aikin asibiti ne.

2. Masu shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko asfirin, domin man na iya ƙara saurin zubar jini. Haka nan wanda za a yi wa tiyata ya sanar da likita idan yana shan sa.

3. Masu farfaɗiya da masu shan wasu magungunan taɓin hankali, saboda an daɗe ana gargaɗin cewa yana iya taso da ciwon.

4. Ƙananan yara da mata masu shayarwa. Jariri ɗan ƙasa da wata shida nonon uwa kaɗai ya ishe shi, kuma a cikinsa akwai maiƙon da yake buƙata.

Babban haɗarin da muke hange shi ne jinkiri. Mace mai ƙullutu a nono ko zubar jini ba lokacin al'ada ba, idan ta tsaya shan kafso wata da watanni, tana iya rasa lokacin da ciwon ke jin magani. Irin waɗannan alamu na buƙatar a je asibiti mafi kusa nan take, daga can kuma a tura mutum Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu idan akwai buƙata.

Akwai kuma batun ɓawon kafson. Akasarin kafso mai taushi da jelatin ake yin sa, shi kuwa jelatin daga fata da ƙashin dabbobi ake samunsa, galibi alade ko shanu. Wasu kamfanoni na yin ɓawon da sinadarin tsirrai, kuma sukan rubuta haka a jikin kwalba. Musulmin da ke son kauce wa shubuha da kuma wanda ya ƙaurace wa nama sai su duba abin da aka rubuta, ko su nemi tambarin halal.

Abin da Abincin Tsirrai Ke Rasawa a Gaskiya

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Jihar Jigawa kuwa adadin ya haura kashi 60. Binciken ya kuma nuna cewa a faɗin ƙasar kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini, haka ma kashi 68 na yara 'yan wata 6 zuwa 59. Waɗannan su ne matsalolinmu na haƙiƙa, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da man furen maraice ke magancewa. Abubuwan da ya kamata mu mai da hankali a kansu su ne waɗannan.

Bitamin B12. Wannan shi ne babban abin da ba a samu a hatsi da ganye da mai. Daga nama da hanta da kifi da ƙwai da madara yake fitowa. Babba na buƙatar kimanin maikirogiram 2.4 a rana. Kofi ɗaya na madara na ba da kusan 1, ƙwai ɗaya kuma kusan rabi. Hanta na ajiye shi tsawon shekaru, don haka ƙarancinsa a hankali yake bayyana: kasala, ƙarancin jini, jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafa, da yawan mantuwa. Fura da nono ko kindirmo na taimakawa ƙwarai a nan. Wanda ya bar dukkan abincin da ke fitowa daga dabbobi dole ne ya sha ƙwayar B12 bisa shawarar ma'aikacin lafiya.

Omega-3. Nau'o'insa biyu da ƙwaƙwalwa da ido da zuciya ke amfani da su, EPA da DHA, a kifi suka fi yawa, musamman kifin teku mai maiƙo irin su taitus da sadin. Kifin kogi kamar tarwaɗa da karfasa bai kai su ba, amma yana da nasa rabon, ga shi kuma da B12. Jiki na iya haɗa EPA da DHA daga ALA na waken soya da ganye, sai dai kaɗan yake iya haɗawa. Bugu da ƙari, omega-6 da omega-3 hanya ɗaya suke bi wajen sarrafawa a jiki, saboda haka ƙara omega-6 a kan wanda ake da shi ba ya taimaka wa wannan aiki. Man furen maraice ba shi da omega-3 ɗin da za a ambata. Awara da madarar waken soya da busasshen kifi a miya sun fi shi amfani ta wannan fuska. Ga wanda ba ya cin kifi sam, akwai kafson da ake yi da man gansakukar ruwa wanda ke ɗauke da DHA.

Sinadarin ƙarfe. Ana samunsa a wake da gero da daddawa da ganyen zogale da alayyafo, amma jiki bai cika tsotsar na tsirrai kamar na nama ba. Cin abinci tare da lemo ko tumatir ko gwaiba ko garin 'ya'yan kuka na ƙara tsotsarsa, shan shayi a kan abinci kuwa na rage ta. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasara, shi ma yana taimakawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai juna biyu ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid kowace rana, kuma su ne ƙwayoyin da ake bayarwa a wurin awon ciki.

Bitamin A. Ƙarancinsa na kawo dundumi da raunin garkuwar jiki ga yara. Ana samunsa a manja da kabewa da karas da mangwaro da gwanda da dankali mai jan ciki da koren ganye. Soya manja har jansa ya gushe na lalata wannan amfani. Tun 2002 doka ta wajabta a sa bitamin A a man girki da sukari da fulawar da masana'antu ke sarrafawa a Nijeriya, kuma akan ga tambarin ido a jikin mazubinsu. Ana kuma ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 bitamin A a makon lafiyar mata da yara da ake gudanarwa sau biyu a shekara.

Kula da Ingancin Man Gida

Da yake mun dogara ga gyaɗa da riɗi, wajibi ne mu kula da yadda muke adana su. Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, ko aka ajiye ta a wuri mai laima, takan yi fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin. An gano wannan guba ne bayan 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar tunkuzar gyaɗa. Tana lalata hanta, tana kuma cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta, suya ko dafuwa kuwa ba sa kawar da ita. Don haka a shanya gyaɗa a kan tabarma ko tamfol har ta bushe ƙayau, a tsince ruɓaɓɓu da masu ɗaci a zubar, kada a mayar da su ƙuliƙuli ko a ba dabbobi masu nono, sa'annan a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango.

Mai kuma a ajiye shi a rufe, nesa da rana. Wanda ya canza wari ko aka maimaita suya da shi har ya yi baƙi a rabu da shi. Manja da man shanu da man kaɗe suna da daskararren maiƙo mai yawa, don haka masu hawan jini da ciwon zuciya su taƙaita su, su fi karkata ga man gyaɗa da riɗi da soya, shi ma daidai wa daida.

Kafin a Sayi Kowane Irin Kafso

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar abinci da magunguna a Nijeriya. Duk kwalbar da ba ta ɗauke da lambar hukumar, da sunan kamfani da adireshinsa, da ranar da aka yi ta da ranar lalacewarta, a guje ta. Amma a sani cewa lambar na nuna an yi wa kayan rajista ne. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da mai talla ya lissafa. A saya a shagon da ke da lasisin Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, kada a sayi kafson da aka zuba a leda ko wanda ya yini a rana a kan faranti, domin zafi na lalata wannan mai da sauri. Kafin a miƙa kuɗi kuma, a lissafa mudu nawa na riɗi ko waken soya, ko ƙwai nawa, ko ƙwarya nawa ta nono wannan kuɗi zai saya wa iyali.

Kira ga Jami'ai da Shugabannin Al'umma

Muna kira ga ma'aikatan lafiya a ƙananan asibitocin Birnin Kudu da Gwaram da su riƙa tambayar mata a wurin awo ko suna shan wani abu ban da wanda aka ba su, domin da yawa ba su ɗauki kafson ƙarin gina jiki a matsayin magani ba, balle su ambata shi. Ungozomomi su daina ba masu ciki shawarar amfani da shi don sauƙaƙa naƙuda. Malaman gona su ƙarfafa wa manoma gwiwa su ware wani kaso na riɗi da gyaɗa da waken soya domin ci a gida kafin a kai saura kasuwa, musamman abin da zai kai iyali ƙarshen damina. Hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai da kansiloli da kwamitocin raya mazaɓu su taimaka wajen isar da wannan bayani a wuraren taruwar jama'a, su kuma sanar da hukuma idan suka ga ana tallan kayan da ba su da rajista a kasuwanni.

Kammalawa

Man furen maraice mai ne na tsiro kamar sauran mai, wanda mafi yawan abin da ke cikinsa akwai shi a riɗi da gyaɗa da agushi da waken soya, ɗan GLA da ya bambanta shi kuma jiki na haɗa shi da kansa. Gwaje-gwajen da aka yi ba su tabbatar da amfaninsa ga cututtukan da ake tallata shi a kansu ba. Iyalin da abincinsu tuwo da miya ne sun fi buƙatar nono da ƙwai da kifi da wake da koren ganye da ɗan mai a kowace tukunya, tare da zuwa awon ciki da kai yara karɓar bitamin A. Duk wanda ke da tambaya game da wani kafso da yake sha ko yake niyyar saya, ya ɗauki kwalbar ya kai wa ma'aikacin lafiya mafi kusa da shi domin a duba masa.